SANƘARAU: CIWON DA BA YA JIRAN GARI YA WAYE

Darasinmu na wannan karo a kan sanƙarau yake. Babu wanda bai san sunansa ba a ƙasar nan. Tsofaffi suna tuna shekarun da ya shiga gari ya bar gidaje da makoki, matasa kuma sun ga layin allura a ƙofar mai gari. Amma sanin suna daban, sanin abin yi daban. Akwai cututtukan da ke ba mutum mako guda ya yi shawara, ya sayar da akuya, ya jira ranar kasuwa a sami mota. Sanƙarau ba ya cikinsu. Yaron da ya yi wasa da safe yana iya fita hayyacinsa kafin isha'i. Saboda haka abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, a wannan ciwo da awa ake lissafi, ba da kwana ba.

Mene ne sanƙarau?

Ƙwaƙwalwar mutum da lakar da ke cikin ƙashin bayansa suna lulluɓe da tantani mai laushi, hawa uku. A tsakanin tantanin akwai wani ruwa garau, kamar ruwan sama da aka tara a ƙwarya mai tsabta. Aikin ruwan da tantanin shi ne kare ƙwaƙwalwa. In ƙwayoyin cuta suka sami hanya suka shiga can, sai tantanin ya kumbura, ruwan ya gurɓace ya zama kamar tsari. Ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne, ba ya buɗewa ya ba kumburi wuri. Daga nan ne matsanancin ciwon kai yake fitowa, da amai, da sanƙarewar wuya, da gushewar hankali.

Ƙwayoyin da ke kawo shi iri-iri ne, ido ba ya ganin ko ɗaya sai da madubin likita. Wadda ke kawo annoba a ƙasashenmu sunanta meningokok. Ita ma dangi-dangi ce, likitoci sun raɗa musu suna da haruffa: A, B, C, W, X da Y. Ku riƙe wannan magana ta haruffa, za mu komo kanta in mun zo batun allura. Akwai kuma wata ƙwaya mai suna nimokok, wadda ita ce ke kawo ciwon haƙarƙari. Ita ba ta cika yin babbar annoba ba, amma in ta kama tantanin ƙwaƙwalwa ta fi kisa, ta fi kuma barin naƙasa, musamman ga jarirai da tsofaffi.

Ƙwayar meningokok a maƙogwaro da bayan hanci take zama. Abin mamaki shi ne, cikin mutum 10 ana iya samun guda da ke ɗauke da ita yana tafiyarsa lafiya lau, bai sani ba. In annoba ta taso adadin yana ƙaruwa. Tana fita ta tari, da atishawa, da majina, da yawu, ta shiga wanda ke kusa. Daga shigarta zuwa bayyanar ciwo yawanci kwana 3 ko 4 ne, amma yana iya zama daga kwana 2 har 10. To kun ga ba a iya nuna wani da yatsa a ce shi ya kawo ciwo gari. Sau da yawa wanda ya ba ka ƙwayar shi kansa bai taɓa kwanciya ba. Ba sammu ba ne, ba kamun maye ba ne, ba kuma zafin rana kaɗai ba ne, ko da yake zafi da ƙura suna buɗe masa ƙofa.

Don me yake zuwa da rani?

Kowane manomi ya san yadda leɓe ke tsagewa da hunturu, hanci ya bushe har ya yi haɓo. Yadda ƙasar fadama ke daddarewa in ruwa ya janye, haka cikin hanci da maƙogwaro ke yi in iska ta bushe, buda ta sauka. Ta waɗannan ƴan tsage-tsage ƙwayar ke samun shiga jini. Ga shi lokacin ɗari ne, ana cunkushewa ɗaki guda, a toshe taga, a hura wuta, hayaƙi ya cika ɗaki, mura da tari su yi yawa. Lokacin ne kuma na bukukuwa da cin kasuwa da tafiya ci-rani. Shi ya sa ciwon ke somawa wajen Disamba ko Janairu, ya yi ƙarfi a Maris da Afrilu, sa'an nan ya lafa da saukar damana.

A shekarar 1963 wani likitan soja Bafaranshe mai suna Lapeyssonnie ya bayyana yankin da wannan annoba ke yawan faɗa wa. Yankin ya miƙe kamar ɗamara daga Senegal har Habasha, yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, Nijar kuwa tana tsakiya. A 1995 ƙasarmu ta sha babbar annoba, dubban mutane suka rasu. A 1996 da 1997 ta game yankin, mutum fiye da 250,000 suka kamu, kimanin 25,000 suka mutu. A 2015 irin C ya taso, ya fi tsanani a Yamai da jihar Doso: an ƙirga mutum kusan 8,500 da suka kamu, fiye da 500 suka rasu, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki a watan Afrilu. A ƙarshen 2022 da farkon 2023 ya sake ɓulla a jihar Damagaram, gundumar Dungas ta fi jin jiki.

Yadda ake gane shi

A nan ne ake yawan yin kuskure. Sunan ciwon da kansa yana ruɗin mutane. Tun da an ce sanƙarau, sai a zauna ana jiran a ga wuya ya sanƙare, kai ya koma baya. Alhali kuwa in aka kai nan, ciwo ya riga ya ci jiki. Farkonsa kama yake da masassarar cizon sauro: zafin jiki mai ƙarfi da ya zo farat ɗaya, ciwon kai wanda mutum zai ce bai taɓa jin irinsa ba, amai, kasala. Daga baya marar lafiya ya ƙi haske, ya juya fuska bango. Ya riƙa barci mai nauyi, a tashe shi da ƙyar, ko ya yi ta sambatu, ko ya shiɗe yana jijjiga.

Ga yadda ake duba wuya. A kwantar da mutum rigingine, a sa hannu ƙarƙashin ƙeyarsa, a ɗago kan a hankali don haɓa ta taɓa ƙirji. Mai lafiya zai yi ba wuya. Mai sanƙarau zai ji zafi, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, wani lokaci ya naɗe gwiwoyinsa. Kada a matsa da ƙarfi. In kuma wuyan ya lanƙwasu, wannan ba shaida ba ce ta cewa babu ciwon.

Wani lokaci ƙwayar tana yaɗuwa cikin jini. Sai tafin hannu da na ƙafa su yi sanyi alhali jiki na zafi, ƙafafu su yi ciwo, numfashi ya yi sauri, wasu ɗige-ɗige ja ko baƙi-baƙi su fito a fata. A baƙar fata suna da wuyar gani, don haka a duba tafin hannu, da tafin ƙafa, da cikin fatar ido, da ganɗa. A ɗauki kofin shayi na gilas a danna a kansu. In ba su ɓace ba ana hangen su ta cikin gilas, to a tashi nan take, ko tsakar dare ne.

Jariri kuwa sha'aninsa daban ne, iyaye mata ku saurara da kyau. Wuyan jariri sau da yawa ba ya sanƙarewa, sai ma jikinsa ya saki kamar tsumma. Yana ƙin nono. Yana kuka mai tsini wanda ba irin nasa ba, in an ɗauke shi kukan ya ƙaru maimakon ya lafa. Ko ya yi shiru, idanu a kafe. Jikinsa yana iya yin zafi, yana kuma iya yin sanyi fiye da kima. A duba maɗiga lokacin da yake zaune a cinya ba ya kuka: in ta kumburo ta yi tauri, alama ce mai hatsari. In ta faɗa ciki, wannan ƙarancin ruwa ne a jiki, shi ma likita yake so.

Wani zai ce, to yaya za mu bambanta shi da masassarar sauro? Ba aikin gida ba ne, aikin likita ne. Sai dai ku lura, masassarar sauro ta fi yawa da damana da kaka. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai a tsakiyar bazara, sa'ad da tabkuna suka ƙafe, abin tuhuma ne. Kuma ko gwajin jinin yatsa ya nuna akwai ƙwayar sauro, mutum yana iya ɗauke da cututtukan biyu tare. In an ba da maganin masassara amma jiki ya ci gaba da lalacewa, a koma likita a ranar, kada a ce sai magani ya ƙare.

Daga gida zuwa likita

In ba a yi magani ba, cikin mutum biyu da suka kamu ɗaya yana iya mutuwa. In an yi magani, yawancinsu suna tashi, ko da yake duk da haka akan rasa kamar ɗaya cikin 10, galibi a kwana na farko ko na biyu. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lissafi biyu, a kan hanya ake cinta ko a rasa ta.

Abin da ke cinye lokaci sananne ne. Mai gida ya tafi ci-rani, uwar ɗa ba ta da izinin fita. Ana jiran a gwada jiƙo da hayaƙi tukuna. An kira wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a ƙeya, ko an yi sakiya. An sayo ƙwayoyi wajen mai tallar magani a kasuwa. Tsaga da sakiya ba sa kai wa ga tantanin ƙwaƙwalwa, ciwo kawai suke ƙara wa mai ciwo. Ƙwayoyin talla kuwa suna iya rage zafin jiki na ƴan awoyi, a ɗauka sauƙi ya samu, ciwo kuwa yana ci a ɓoye. Addu'a ba ta hana tafiya, ana iya yin ta a bisa amalanke. Ya kamata duk magidancin da zai yi tafiya ya bar izini a fili, gaban iyayensa da ƙannensa, cewa in yaro ya yi zafin jiki a kai shi likita ba sai an neme shi a salula ba. Ya kamata kuma kowane gari ya san tun kafin rani wace amalanke ko wane kabu-kabu ne zai ɗauki marar lafiya da dare, a kuma ajiye wani abu a asusun gari ko na ƙungiyar mata don kuɗin mai.

A kan hanya a kwantar da shi a gefe guda, ba rigingine ba, don in ya yi amai kada ya shaƙe. A rage masa tufafi, a yi masa inuwa, a shafa masa tsumma mai ɗan ɗumi. In yana cikin hankalinsa yana iya haɗiya, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, jariri a ci gaba da ba shi nono. In ba ya cikin hankalinsa, kada a ɗura masa kome, ko ruwa, ko rubutu, ko fura, domin huhu za su tafi. In ya shiɗe yana jijjiga, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a kanga shi ga hayaƙi. A kawar da abin da zai ji masa rauni, a juya shi gefe in jijjigar ta lafa, a ci gaba da tafiya.

A gidan likita

Majo ko likita zai so ya ɗebi ruwan baya. Nan ne wasu iyaye ke tirjewa, suna cewa ɗibar ruwan ce ke kashe mutum ko ta gurgunta shi. Bari mu tsaya a kan wannan. Ana sa siririyar allura ne a ƙasan baya, can inda laka ta riga ta ƙare, a ɗebi abin da bai fi ƙaramin cokali ba. Jikin babban mutum yana yin kusan rabin lita na wannan ruwa kowace rana, don haka abin da aka ɗiba yana komawa cikin ɗan lokaci. Waɗanda suka rasu bayan ɗibar ruwa, galibi ciwon ne ya kashe su, don an kawo su a makare. Da wannan ruwa ake gane ko sanƙarau ne, a kuma gane wace ƙwaya ce. Ana aika shi har cibiyar bincike ta CERMES a Yamai, sakamakon ne ke nuna wa hukuma irin allurar rigakafin da za ta kawo wa gunduma. Wanda ya yarda aka ɗebi ruwan ɗansa ya taimaki ɗansa, ya kuma taimaki garinsu.

Dattawa za su tuna allurar mai, mai kauri, wadda ake yi sau ɗaya a shekarun baya. Yau maganin da aka fi aiki da shi sunansa seftiriyazon, allura ce ta jijiya ko ta tsoka, kowace rana. Lokacin annoba akan yi ta kwana 5, jarirai ƙanana kwana 7 ko fiye, wani ciwon kuma yakan buƙaci fin haka. Likita ba ya jiran sakamako ya dawo daga Yamai kafin ya soma. Abin da ke wuyan dangi shi ne su bari a cika kwanakin. Marar lafiya yakan farfaɗo a kwana na biyu ko na uku, ya nemi fura, sai a ce a tafi gida, ga dabbobi ba mai ban ruwa. Ƙwayar ba ta gama mutuwa ba a lokacin. Wanda ya bar noma a rabin gona ya san abin da ciyawa ke yi.

Mai jinya mutum guda ya isa, ko biyu masu karɓar juna. Aikinsa ba zaman tagumi ba ne, shi ne idon likita. Ya lura ko marar lafiya yana amsa kira, sau nawa ya yi fitsari, sau nawa ya yi amai, ko ya shiɗe, ko wani hannu ko ƙafa ya daina motsi, ya gaya wa ma'aikaci nan da nan. Ya kula da hannun da aka sa ƙarin ruwa kada ya kumbura ko allurar ta fita. Wanda ba ya iya juyawa da kansa a juya shi bayan kowace awa 2, a share masa jiki, a sauya shimfiɗa in ta jiƙe, don kada baya da ɗuwawu su yi gyambo. A ɗan ɗaga masa kai da matashi, a rage haske da hayaniya. In an sa tiyo ta hanci don ba shi abinci, kada a cire, ba alamar mutuwa ba ce. Da ya soma haɗiya a ba shi kunu, da nono, da romo, kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Dubiya al'adarmu ce mai kyau, amma a kwanan farko a yi ta daga waje, kada a shigo da yara. Bayan awa 24 da soma allura, mai meningokok ba ya ƙara ba wani ciwon, saboda haka babu dalilin gudunsa ko ƙyamar kwanonsa in ya komo gida. Mai jinya ya riƙa wanke hannu da sabuni. Mutanen gidan kuma a sa musu ido har kwana 10, duk wanda ya yi zafin jiki a kai shi ba jira. A 2017 an yi wani gwaji a gundumar Madarunfa, jihar Maraɗi: a garuruwan da aka ba kowa da kowa ƙwayar magani sau ɗaya bayan an sami mai ciwo na farko, waɗanda suka kamu daga baya sun ragu da fiye da rabi. Amma ma'aikatan lafiya ne ke yanke wa za a ba da lokacin da za a ba, ba abin saye a tebur ba ne.

Bayan an komo gida

Wannan ɓangare shi ne aka fi mantawa. An yi barka, an watse, an ɗauka magana ta ƙare. Alhali cikin mutum 5 da suka tashi daga sanƙarau, ɗaya yakan fito da wata naƙasa. Wadda ta fi yawa ita ce kurumta, ta kunne ɗaya ko duka biyu. Akwai raunin hannu ko ƙafa, da farfaɗiya, da raunin gani, da mantuwa, da saurin fushi. Jariri kuma kansa yana iya riƙa girma fiye da kima don ruwa ya taru, wannan a kai shi babban asibiti da sauri.

A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fito da ƙa'idojinta na farko a kan jinyar sanƙarau, ta kuma nemi a duba jin duk wanda ya warke kafin a sallame shi ko cikin mako 4 bayan haka. Ku tambaya, kada ku ji nauyi. A gida ma ku gwada: ku tsaya bayan yaro inda ba ya ganinku, ku kira sunansa a hankali, ta dama sa'an nan ta hagu. Yaro da yawa an doke shi an ce ya yi taurin kai bayan ciwo, alhali kiran ne ba ya ji. In ɗan makaranta ne a gaya wa malaminsa, a zaunar da shi gaba, a yi masa magana ana fuskantarsa. Wanda ya kurumce sarai hankalinsa yana nan, akwai makarantun kurame a Yamai da wasu manyan birane. Mai raunin gaɓa a riƙa motsa masa ita kowace rana, a sa shi ƙananan ayyuka gwargwadon ƙarfinsa. Farfaɗiya tana da magani a likita, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa.

Batun allura

A Disamba 2010 aka soma babbar allurar MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29. Wani kamfani na ƙasar Indiya ya yi ta da araha musamman don Afirka. Irin A, wanda shi ne ya yi ɓarnar 1995 da 1996, ya kusa ɓacewa saboda ita, kuma a 2017 ta shiga cikin alluran yara na yau da kullum a ƙasarmu. Amma maganin A kaɗai take yi. Shi ya sa a 2015 aka ga wanda ya yi allura ya kamu, mutane suka ce allura ba ta aiki. Tana aiki, irin C ne ya zo, shi kuwa ba ta san shi ba. A 2023 OMS ta amince da wata sabuwa mai kare mutum daga iri biyar, A, C, W, X da Y. Najeriya ta fara aiki da ita a 2024, Nijar ta bi a shekarar. Alluran da ake yi wa jariri a mako na 6, na 10 da na 14 su ma suna kare shi daga nimokok da wata ƙwayar da ke kawo sanƙarau ga ƙanana.

Hukuma tana ƙirga masu ciwo mako-mako. In suka kai 10 cikin mutum 100,000 a mako guda, an shiga annoba, sai a nemo allura. Marar lafiyar da aka ɓoye a ɗaki ba ya shiga lissafi, ɓoyonsa kuwa yana jinkirta wa gari duka allura.

A yi hattara kuma da inda ake yin ta. A 1995, da 2015, da 2019 an kama allurar sanƙarau ta jabu a ƙasar nan, kwalba da takarda kamar ta gaske. Kada ku saya wajen ɗan talla, kada ku yarda wani ya bi gida-gida yana yi don kuɗi. A yi ta a gidan likita ko wurin da ma'aikatan lafiya suka kafa da sanin mai gari, a rubuta a karne. Karnen a ajiye shi cikin leda tare da takardun haihuwa, a tafi da shi duk lokacin da za a kai yaro likita.